Daga Famfon Ruwa Zuwa Ƙin Tashi: Yadda Ciwon Mota Kan Yi Ƙaura

Gabatarwa

Likitoci sun daɗe da sanin cewa ba kullum ciwo yake bayyana a inda ya samo asali ba. Mutumin da zuciyarsa ta fara gazawa ba safai yakan je asibiti yana kukan zuciya ba. Abin da yakan kai shi shi ne kumburin ƙafa, ko haki idan ya ɗan yi tafiya, ko tari idan ya kwanta da dare. Wanda bai san aikin jiki ba sai ya duƙufa a kan ƙafar, ya yi ta shafe-shafe, alhali kuwa famfon da ke cikin ƙirji ne ya kasa janye jini yadda ya kamata.

Ni malamin nazarin halittu ne, ba injiniya ba, kuma da ban sa alƙalamina a sha'anin mota ba in ba don abin da ya same ni wata bazara ba. Motata ta fara gardamar tashi da safe. Sai na murɗa makulli sau uku ko huɗu kafin ta kama, in ta kama kuma ta yi ta karkarwa na ɗan lokaci. Aka ce batir ne, na sayi sabo. Aka ce fulogi ne, na canza. Bayan mako biyu gardama ta dawo. Daga ƙarshe wani dattijon makanike ya dube ni ya ce, "Malam, sau nawa kake ƙara ruwa a lagireto?" Na ce kusan kullum. Ya ce, "Ta taɓa yi maka obahitin?" Na ce sau ɗaya, a kan hanya, na tsaya ta huce na ci gaba. Ya girgiza kai ya ce, "Allah shi gafarta Malam, ai ba batir ke damun motarka ba." Ashe famfon ruwa ne ya yi watanni yana tsiyaya, kuma abin da na kashe daga baya ya ninka kuɗin famfon sau da yawa.

Tambayar da wannan darasi zai amsa ita ce: mene ne haɗin famfon da ke zagaya ruwa da tashin inji?

Abin da inji yake bukata kafin ya tashi

Injin fetur yana bukatar abu huɗu. Na farko, sitata ta juya shi da ƙarfin batir. Na biyu, fetur da iska su shiga silinda bisa gwargwado. Na uku, fistin ya matse wannan gauraye matsewa mai ƙarfi, wato abin da makanikai ke kira kwamfireshan. Na huɗu, fulogi ya ba da tartsatsi a daidai lokacin da ya dace.

Mai karatu zai lura babu ruwa a cikin wannan lissafi. Inji mai sanyi ba ya bukatar sanyayawa, kuma mota takan tashi da safe ko da babu ɗigon ruwa a lagireto. Akwai ma motocin da ba su da famfon ruwa ɗungurungum. Volkswagen Beetle, wadda aka fara harhaɗawa a Legas a 1975, iska ce take sanyaya injinta. Ford Model T kuwa, wadda aka yi daga 1908 zuwa 1927, galibinta ruwan da kansa yake zagayawa, domin ruwan zafi ya fi na sanyi rashin nauyi, sai ya hau sama, mai sanyi ya sauko ya maye gurbinsa. Saboda haka amsar farko ita ce, famfon ruwa ba ya cikin masu tayar da inji. Sai dai idan ya lalace yana iya ɓata kowane ɗaya daga cikin abubuwan nan huɗu, ta bayan fage.

Zuciyar da ke kwashe zafi

Daga cikin ƙarfin da ke ƙunshe a fetur, kamar kashi ɗaya bisa uku ne kacal yake zama tafiya. Wani kashin yana fita ta salansa, ragowar kuwa ƙarfen inji ne yake shanye shi a matsayin zafi. Wutar da ke tashi a cikin silinda takan haura digiri 2,000 a ma'aunin Salsiyas, alhali alminiyom ɗin da ake ƙera kan inji da shi yana narkewa a digiri 660. Abin da ya hana inji narkewa shi ne ruwan da ke bi ta wasu ramuka a jikinsa, ya ɗebi zafi ya kai lagireto, iska ta hure shi, sa'an nan ya komo. Ta haka ake riƙe inji a wajen digiri 90 zuwa 100.

Ba banza aka zaɓi ruwa ba. Kafin kilo ɗaya na ruwa ya ƙara digiri ɗaya, sai ya sha zafin da ya kai kilojul 4.2, wanda ya ninka na ƙarfe kusan sau tara. Wannan ɗabi'a ce ta sa jini, wanda mafi yawansa ruwa ne, yake iya ɗebo zafi daga hanta da tsoka ya kai fata, inda gumi ke sallamar shi. Tun 1628 likitan nan na Ingila, William Harvey, ya bayyana cewa jini zagaye yake yi, kuma zuciya ce take tura shi. Tsarin mota bai yi nisa da wannan ba. Lagireto ita ce fata, tiyo su ne jijiyoyi, famfo shi ne zuciya.

Kamar dai ta tsaya a nan. Zuciya matsewa take yi ta saki, tana da ƙyamaren da ke hana jini komawa baya. Famfon mota kuwa farfela ce da ke juyawa a cikin kwano tana watsa ruwa gefe. Sassansa kaɗan ne: farfelar, da sandar da ke ɗauke da ita, da boris ɗin da sandar ke juyawa a kai, da wani sil da ke hana ruwa bin sandar ya fito. A jikinsa akwai ɗan rami da aka yi da gangan, domin idan sil ya fara sakewa ruwan ya ɗigo waje, kada ya shiga boris, kuma mai mota ya gani. Bambanci mafi muhimmanci shi ne, zuciya tana da nata ƙarfin, amma famfon yawancin motoci aro yake yi daga inji ta hanyar bel. Wannan bel ita ce ƙofar matsala ta farko.

Bel ɗaya, ma'aikata da yawa

A motoci da dama bel ɗaya ce take juya famfon ruwa da altanata, wato na'urar da ke yi wa batir caji. Idan boris ɗin famfo ya ci, fulin zai riƙa rawa, bel ta riƙa zamewa. Idan kuma famfon yana tsiyaya a kanta, santsi ya ƙaru. Altanata sai ta kasa ba da caji cikakke. Motar za ta ci gaba da tafiya tana cin abin da ke cikin batir, ba tare da wani kuka mai yawa ba, sai washegari a murɗa makulli a ji ƙas-ƙas. Sitata tana jan wutar da ta haura amfiya 100 a lokacin tayarwa, batir mai yunwa ba zai iya ba. A nan sabon batir zai yi maganin kwana kaɗan ne kawai. Gwajin kuwa mai sauƙi ne: lafiyayyen batir yakan nuna bolt 12.6 idan inji yana kashe, idan kuma yana aiki sai a ga wajen bolt 14. In bai hau ba, a bi sawun bel.

Abin ya fi muni a injinan da tayimin bel ke juya famfonsu. Wannan bel mai haƙora ita ce take daidaita buɗewar bawul da hawa da saukar fistin. Toyota Camry mai injin lita 2.2 ta shekarun 1990 haka take, haka ma Honda Accord mai silinda huɗu ta wannan zamanin. Idan famfo ya cije, bel ɗin tana iya tsallake haƙori ko ta tsinke, inji ya mutu nan take. Sitata za ta yi ta juyi, amma babu tashi, domin bawul da fistin sun daina jin maganar juna. A injin Camry ɗin nan akwai rata tsakanin bawul da fistin, saboda haka galibi sabuwar bel da sabon famfo sun wadatar. A na Accord ɗin kuwa wuri ɗaya suke amfani da shi bi da bi, in tsari ya rushe sai fistin ya doki bawul ya lanƙwasa shi. Wannan shi ne dalilin da ya sa makanikai masu sanin ya kamata suke canza famfo duk ranar da suka canza tayimin bel, ko da bai nuna alamar gajiya ba. Wahalar kwancewar ɗaya ce.

Zafi, gasket da ruwan da ya ɓace hanya

Yanzu mu zo ga hanyar da ta fi tsawo, wadda kuma ita ce ta kama ni.

Inji hawa biyu ne. Akwai gangar jiki inda silinda suke, akwai kuma kai, wanda makanikai ke kira top silinda. Tsakaninsu akwai gasket, wani siririn faranti da ke raba maƙwabta uku da bai kamata su haɗu ba: wutar silinda, da ruwa, da baƙin mai. A injina da yawa gangar jikin zubin ƙarfe ce, kan kuwa alminiyom ne. To, alminiyom yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na yadda zubin ƙarfe yake yi. A zafin da aka tsara, gasket yana iya jure wannan bambanci. Amma idan famfo ya kasa, ko ruwa ya tsiyaye, zafi ya wuce kima, sai kan inji ya kumbura ya murƙushe gasket, wani lokaci ma ya karkace. Idan ya huce ba ya komawa daidai yadda yake.

Ɗalibaina sun san irin wannan a darasin furotin. Ƙwai idan ya dahu ya dahu ke nan, sanyaya shi ba ya mayar da shi ɗanye. Kuskurena shi ne na ɗauka tun da allurar zafi ta sauko, magana ta wuce.

Abin da ke biyo baya yana da ban sha'awa ga mai son dalili. A ce wata 'yar kafa ta buɗe a gasket tsakanin silinda da hanyar ruwa. Lokacin da inji yake aiki, matsin da ke cikin silinda ya ninka na ruwa sau da yawa, saboda haka hayaƙi ne yake kutsawa cikin ruwa, a ga kumfa tana tasowa a lagireto, tiyo ya yi tauri, ruwa ya riƙa amai. Da zarar an kashe inji sai lamarin ya juya. Silinda ba ta da sauran matsi, amma ruwan yana nan a matse, domin murfin lagireto yana riƙe da matsin da ya kai kimanin ba ɗaya har sai inji ya huce. Sai ruwa ya riƙa tsatsafowa cikin silinda a hankali, mota tana ajiye, mai ita yana barci. Da safe fulogi ya jiƙe, tartsatsi ya ƙi fita. Sauran silindan su ja motar da ƙyar, ta yi ta karkarwa har ruwan ya ƙone ya fita ta salansa, daga nan ta daidaita kamar ba abin da ya faru. Wannan ne ya sa ciwon yake ɓuya: lokacin da aka isa gareji, motar ta warke.

Dattijon nan da ya kwance fulogin motata, uku sun yi launin ƙasa-ƙasa kamar yadda aka saba, ɗaya kuwa fes kamar an wanke shi. Tururi ne ya wanke shi. Ya ɗaga shi ya ce, "Ga mai laifin nan ya yi wanka."

Idan kafar ta ƙara faɗi, kwamfireshan zai riƙa zurarewa, inji ya yi ta juyi ba ya kamawa. In kuwa ruwan ya yi yawa, sai a faɗa hali mafi haɗari. Mu yi ɗan lissafi. Injin lita 2 mai silinda huɗu, kowace silinda tana ɗaukar mililita 500. Idan matsewarsa goma bisa ɗaya ce, sararin da ke saura a saman fistin idan ya kai ƙololuwa kimanin mililita 55 ne, wato bai cika cokali huɗu na cin abinci ba. Iska tana matsuwa, ruwa kuwa kusan ba ya matsuwa sam. Ke nan idan ruwan da ya taru ya wuce cokali huɗu, fistin zai taso ya ci karo da shi kamar ya doki bango. Direba zai ji inji ya fara juyi ya tsaya cak. A nan ne jama'a sukan taru da kyakkyawar niyya su ce a tura. Kada a tura. Nauyin mota yana iya lanƙwasa sandar da ke riƙe da fistin, abin da sitata ta kasa yi. Abin yi shi ne a kwance fulogi duka, sa'an nan a juya inji, ruwan zai yi tsartuwa ya fito.

Ruwa yana iya bi ta ɗaya maƙwabcin kuma, ya shiga baƙin mai, sai a ga man ya koma launin shayi mai madara. Irin wannan mai ba ya hana ƙarfe cin ƙarfe, ƙarshensa inji ya buga. Akwai ma injinan da famfonsu yake can ciki, sarƙar tayimin ke juya shi, kamar injin Ford mai lita 3.5 da ke cikin Edge da Explorer. A irinsu famfo yana iya zuba ruwa cikin mai ba tare da gasket ya ƙone ba.

Ƙin tashi da zafi

Wata motar kuma da safe lafiya lau take tashi, sai an yi tafiya an tsaya shan mai ta ƙi. Idan aka kashe inji famfo yakan tsaya, amma ƙarfe bai gama sakin zafinsa ba, saboda haka zafin ƙarƙashin bonet yakan ƙaru na 'yan mintoci. Injin da tun farko famfonsa ba ya zagaya ruwa sosai, nasa zafin ya fi yawa. A motoci masu kafireto, irin su Peugeot 504 da aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, fetur yakan tafasa a cikin bututu ko a kwanon kafireto, domin wani sashe na fetur yana fara zama tururi tun a wajen digiri 40. A watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri iskar gari ma takan kai haka.

Motocin zamani suna riƙe fetur a matse, wannan matsala ta ragu. Tasu damuwar ita ce sensar da ke gaya wa kwamfutar mota zafin ruwa. Kwamfutar da wannan labari take yanke yawan fetur ɗin da za ta ba inji a lokacin tayarwa, mai sanyi a ba shi da yawa, mai zafi kaɗan. Idan ruwa ya yi ƙasa har sensar ta koma cikin iska ko tururi, sai ta kai labarin ƙarya, a ba inji abin da bai dace da shi ba.

Yadda ake sauraron mara lafiya

Kalmar "ta ƙi tashi" ba ta isa bayani ba, kamar yadda "ba ni da lafiya" ba ta ishi likita ba. Idan ƙas-ƙas ake ji kuma fitilu sun dushe, a duba batir da caji da bel. Idan inji yana juyi da sauri fiye da yadda aka saba, da murya ɗaya babu hawa da sauka, kwamfireshan ya tafi, a tuhumi tayimin bel ko gasket, kuma a daina murɗa makulli. Idan ya fara juyi ya cije, a tuna da cokali huɗun nan.

Farin hayaƙi da safe yana bukatar hattara wajen fassara. Ƙona lita ɗaya ta fetur yana haifar da ruwa kimanin lita ɗaya, kamar yadda jikinmu yake ƙona sukari da iskar oksijin ya fitar da ruwa, har mu ga tururin numfashinmu a sanyin hunturu. Saboda haka ɗan farin tururin da ke ɓacewa nan da nan ba ciwo ba ne. Wanda ake tsoro shi ne mai kauri, mai daɗewa, mai ɗan ƙamshin zaƙi idan akwai kulant a motar, wanda kuma ya zo tare da raguwar ruwa.

Shi kansa famfon, alamunsa su ne ɗigo ko busasshen sawun ruwa a ƙarƙashin ɗan ramin nan, da gurnani ko kuka daga gaban inji, da rawar fuli idan an girgiza shi da hannu inji yana kashe. Amma akwai mutuwar da ba ta da kuka ko ɗigo: tsatsa ta cinye fikafikan farfela, ko farfelar roba ta kwance daga sandarta, sanda tana juyi ita tana tsaye. Alamar kawai ita ce allurar zafi da ke hawa alhali lagireto cike take.

Duk wanda zai duba ruwa, ya bari sai inji ya huce. Matsin murfi yana ɗaga tafasar ruwa zuwa wajen digiri 120. Buɗe shi da zafi yana sa ruwan ya tafasa gaba ɗaya a lokaci guda, ya yi feshi a fuska da hannu.

Abin da ke kashe famfo tun kwanansa bai ƙare ba

Biyu daga cikin al'adun garejinmu ba sa taimaka wa famfo. Ta farko ita ce zuba ruwan rijiya ko na burtsatse zalla. Irin wannan ruwa yakan ɗauko gishirin ƙasa, wanda zafi ke mayarwa farin ɓawo irin na gindin butar shayi. Ɓawon yana toshe lagireto, ɓarɓashinsa da na tsatsa suna goge sil. Mutane sukan ce kulant na ƙasashen ƙanƙara ne. Gaskiya ne yana hana daskarewa, amma yana ɗauke da magungunan hana tsatsa, yana kuma ɗaga tafasar ruwa, kuma waɗannan biyun mu ma muna bukatarsu.

Ta biyu ita ce cire tamosta da zarar mota ta yi zafi. Tamosta bawul ce da ke tsare ruwa a cikin inji har sai ya kai wajen digiri 80 zuwa 90, sa'an nan ta buɗe masa hanyar lagireto. Cire ta tamkar ba mai zazzaɓi maganin saukar da zafi ne ba tare da an nemi ƙwayar cutar ba. Allura za ta sauka, famfon da ke mutuwa ya ci gaba da mutuwa a ɓoye. Bugu da ƙari inji zai daɗe bai ɗumama ba, kwamfuta ta yi ta ƙara masa fetur, fulogi su yi baƙi, wata sabuwar gardamar tashi ta samu.

Akwai kashedi ɗaya game da kulant wanda ya shafi fagena kai tsaye. Yawancinsa sinadarin etilin gilaikol ne, mai zaƙi a baki, mai launi kamar lemon kwalba. Idan yaro ko dabba ta sha, hanta takan sarrafa shi ya koma wasu sinadarai masu tsami, ciki har da wanda ke haɗuwa da kalsiyom ya zama ƙananan duwatsu masu lalata ƙoda. Da farko wanda ya sha yakan yi kamar mai maye, sai bayan kwana ɗaya zuwa uku ƙoda ta nuna. Saboda haka kada a ajiye shi a gorar ruwan sha ko ta lemo, kada a bar wanda ya tsiyaya a ƙarƙashin mota inda yara da kaji da kyanwa suke yawo, kuma wanda ya sha a garzaya da shi asibiti tun bai nuna wata alama ba, domin maganin ya fi aiki kafin hanta ta gama sarrafa shi.